Yaron da Ya Busa Sarewa a Kufan Wat Ek

Arewa da birnin Battambang na ƙasar Kambodiya, tafiyar kilomita goma ko kusa da haka in ka bi gaɓar kogin Sangkae, akwai wani kufai da ake kira Wat Ek Phnom. Haikali ne na dutse da aka gina a ƙarni na 11, zamanin Sarki Suryavarman na Ɗaya, wato ya girmi shahararren Angkor Wat da wajen shekara ɗari. Galibinsa ya zube, duwatsu sun hau kan juna, amma sassaƙe-sassaƙen saman ƙofofinsa suna nan. A gefensa mabiya addinin Buddha suna da nasu wurin ibada. Wannan harabar ce sojojin Khmer Rouge suka ƙwace bayan sun hau mulki a 1975, suka kori masu ibada, suka tara ɗaruruwan yara da aka raba da iyayensu, wurin ya koma sansanin aikin dole kuma mayankar mutane.

Wata rana sojojin suka tambayi yaran ko akwai mai son koyon kiɗa. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu har da wani ɗan ƙaramin yaro mai suna Arn, haifaffen Battambang a 1966. Ɗaga hannu a wannan wuri kasada ce, don sau da yawa Khmer Rouge kan yi irin wannan tambaya ne domin su gane wanda ya iya wani abu su kawar da shi. Arn kuma yana da abin ɓoyewa. Gidansu gidan wasa ne; iyaye da kakanni sun riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo mai waƙa, irin wanda suke kira lakhon bassac, kuma da an san haka da tuni an gama da shi. Sai dai yunwa ta riga ta ci ƙarfin tsoro. Yaran suna fita gona tun duku-duku har dare, abincinsu ruwan shinkafa tsararo, kullum ana kwasar gawar wasu. Ya yi lissafin cewa mai kiɗa wataƙila zai samu ƙarin ludayi guda.

Yara biyar aka ware. Aka kawo musu wani dattijo mai furfura ya koya musu khim, wani akwatin katako mai tsirkiyoyi jere da ake bugawa da siraran sanduna biyu na gora. Kwana biyar aka ba shi. Da kwanakin suka cika aka tafi da dattijon bayan haikali, bai dawo ba. Uku daga cikin yaran da hannunsu bai faɗa da wuri ba su ma aka bi da su ta wannan hanya. Arn da wani yaro guda suka rage.

Mutum zai tambaya, me gwamnatin da ke kashe makaɗa za ta yi da kiɗa? Amsar tana jikin tutarsu. Jan ƙyalle ne, a tsakiyarsa hoton hasumiyoyin Angkor Wat da ruwan ɗorawa. Dakarun Pol Pot, shugaban Khmer Rouge, sun shiga babban birnin ƙasar, Phnom Penh, ranar 17 ga Afrilu 1975, suka kwashe mutanen birane kaf zuwa ƙauye, suka soke kuɗi da kasuwa da makaranta da addini, amma Angkor ba su soke shi ba. Shi ne abin alfaharinsu. Pol Pot da bakinsa ya kafa hujja da shi, cewa al'ummar da ta iya gina Angkor babu abin da zai gagare ta. Sarakunan da sun haƙa manyan tafkuna, ɗaya daga ciki, wanda ake kira Baray na Yamma, tsawonsa kilomita takwas ne, faɗinsa biyu. Don haka su ma suka sa talakawa haƙar madatsun ruwa da hannu, suka yanke cewa dole kowace hekta ta ba da tan uku na shinkafa. Battambang ita ce rumbun ƙasar, sai aka yi ta jibge mata mutanen birni da ba su taɓa riƙe fartanya ba, aka ɗora mata kaso mafi nauyi. Abin da suka so daga Angkor shi ne dutsen da aikin gayyar. Mutanen da suka gaji waƙarsa da rawarsa da kiɗansa kuwa, a wurinsu ragowar fada ne da ya kamata a share. An ƙiyasta cewa cikin masu fasaha goma na ƙasar, tara ba su ga ƙarshen wannan mulki ba. Sinn Sisamouth, mawaƙin da babu gidan da ba a san muryarsa ba, ya ɓace, haka Ros Serey Sothea da Pen Ran. Amma juyin juya hali yana buƙatar waƙoƙin yabon kansa, kuma yaro ɗan shekara tara ya fi tsohon makaɗi sauƙin juyawa, tunda ba ya ɗauke da tsofaffin waƙoƙi a ka. Shi ya sa ake ɗebo gwani ya juye abin da ake so cikin yara, sannan a kashe shi.

A Wat Ek kiɗan yana da wani aikin bayan yabo. Arn ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ana kisa sau uku ko huɗu a rana a lambun da ke bayan haikalin, kuma ba da harsashi ba, don harsashi yana da tsada. Da ɗan gatari ake sarar mutum a ƙeya. Lokacin da ake yi sai a sa yaran su yi kiɗa, a haɗa da lasifika, yadda ƙarar za ta danne kururuwa. Wani lokacin shi ake sawa ya tuɓe wa waɗanda za a kashe tufafi. Yaron da ya yi kuka ko ya nuna tausayi a fuska, shi ma ya bi sahu. Arn ya koyi kashe fuskarsa. Ya koyi kallon kayan kiɗansa kawai.

Malami na biyu da aka kawo sunansa Youen Mek. Shi ma ranarsa tana tafe, kowa ya sani. Arn ya je wurin sojoji ya ce musu bai gama koyo ba, hannunsa bai nuna ba, in aka kashe wannan malami kiɗan zai lalace. Ya ce in dole sai an kashe wani, a kashe shi a bar malamin. Allah da ikonsa, suka ƙyale shi. Daga nan yaro da malami suka riƙe ran juna. Arn yana satar abinci ya kai masa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Mek kuma, in ido ya kau, sai ya koya masa tsofaffin waƙoƙin da aka haramta, na biki da na reno, laifin da shi ma hukuncinsa kisa ne. A wannan zaman ne Arn ya ƙware a khloy, sarewar Khmer ta gora, wadda ake riƙewa a tsaye a busa ta baki, mai murya siririya da ke karkarwa kamar ta mai shirin kuka.

A ƙarshen Disamba 1978 sojojin Biyetnam suka kutsa cikin ƙasar, ranar 7 ga Janairu 1979 suka kama Phnom Penh. Mulkin da ya yi shekara uku da wata takwas da kwana ashirin ya faɗi, ya bar gawa tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar. Ga Arn wannan ba ƙarshen wahala ba ne. Aka karɓe sarewa aka miƙa masa bindiga, aka tura shi da sauran yara gaba-gaba, su ne garkuwar manya. Ya yi harbi, bai taɓa ɓoye wannan ba. Da ya ga abokansa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya sai ya sulale cikin kurmi shi kaɗai. Watanni ya yi yana gararamba, yana bin birai yana cin abin da ya ga sun ci, tunda abin da bai kashe biri ba da wuya ya kashe mutum. Haka ya faɗa ƙasar Tailan, aka tsince shi, aka kai shi sansanin 'yan gudun hijira na Sa Kaeo, ƙashi da fata, zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka.

A can ya gamu da wani malamin coci Ba'amurke mai aikin agaji, Peter Pond. Wannan mutum hukumomin Tailan sun taɓa kulle shi saboda ya yi tsaye a kan yadda ake tilasta wa 'yan gudun hijira komawa hannun waɗanda suka gudo wa. Labarin da ake bayarwa shi ne, da Sarauniya Sirikit ta ji, ta sa aka sake shi, ta ce ya roƙi abu uku. Shi kuma ya roƙi a ba shi marayu uku ya tafi da su. Arn na cikinsu. A 1980 ya sauka a wani ɗan ƙauye mai suna Jefferson a jihar New Hampshire, mai tsananin sanyi, ya zama Arn Chorn-Pond. Yaran Kambodiya goma sha shida Pond ya riƙa a rayuwarsa.

Shekarun Amurka ba sai an daɗe a kansu ba, ko da yake ba su zo masa da sauƙi ba. Yaron da bai san ko harafi ɗaya na Turanci ba aka jefa shi makarantar sakandare, 'yan aji suna kiransa biri, shi kuma yana kallonsu yana sane da abin da hannunsa ya iya. Ya ce ya sha tunanin kashe kansa. Uban riƙonsa ne ya matsa masa ya fara ba da labarinsa a coci-coci da tarurruka, a nan ne ya fara kuka a gaban mutane, abin da shekaru suka hana shi. A 1984 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Children of War, ta yaran da yaƙi ya taɓa. A 1988 aka ba shi lambar yabo ta Reebok ta kare haƙƙin ɗan Adam, ya gama digirinsa a Providence College a 1992, ya yi aiki da samarin Kambodiya 'yan daba a birnin Lowell. Duk inda ya je sarewa tana aljihunsa. In ya gama magana sai ya busa waƙar reno.

A tsakiyar shekarun 1990, a wata komawa da ya yi Battambang, ya shiga cigiyar malaminsa. Ya same shi a bakin titi yana aski, giya ta soma cin sa, babu wanda ya san ko shi wane ne. Kusan shekara ashirin rabonsu da juna. Suka rungume juna suna kuka. Abin da tsohon yake nema bai wuce abin yi ba, aikin da ya iya.

Wannan haɗuwar ce ta buɗe wa Arn ido. In Mek yana nan, to akwai wasu. Ya shiga unguwannin talakawa na Phnom Penh da ƙauyuka yana tambaya. Ya samo Chek Mach, wadda kafin yaƙi tana cikin manyan muryoyin lakhon bassac, tana zaman talauci an manta da ita. Ya samo Kong Nay, makaho tun yana ɗan shekara huɗu sanadiyyar agana, gwanin chapei, wani molo mai dogon wuya da ake kaɗawa ana ƙirƙirar baiti nan take, da wa'azi da zambo da ban dariya. Khmer Rouge sun bar shi da rai ne don ya yi musu waƙa, daga baya suka sa shi tukar igiya, kuma isowar sojojin Biyetnam ce ta cece shi. Ya samo wasu suna tuƙa keken haya, wasu suna talla, wasu sun yi shekaru suna musun cewa sun taɓa riƙe kayan kiɗa, don a zamanin Pol Pot wannan musun ne ya raya su, bakinsu kuma ya saba. A 1998, shekarar da Pol Pot ya mutu a dajin Anlong Veng ba tare da ya tsaya gaban kotun ƙasa ba, Arn ya kafa shirin tallafa wa gwanayen, wanda daga baya ya zama Cambodian Living Arts. Da gwanaye huɗu aka fara. Tsarin ba shi da wani ƙawa: a ba tsoho albashi, a saya masa kayan kiɗa, a tara masa yara, a naɗi abin da ya sani kafin ya mutu.

Gaggawar tana da dalili. Kiɗan Khmer ba a rubuce yake ba. Daga bakin malami yake shiga kunnen almajiri, daga hannu zuwa hannu, shekara da shekaru. In gwani ya mutu bai koyar ba, ya tafi da ɗaruruwan waƙoƙi, babu takardar da za a buɗe a dawo da su. A nan ne labarin ya sake komawa ga kufan Angkor, don duwatsun suna cike da makaɗa. A bangon kudu na Angkor Wat, wanda Suryavarman na Biyu ya gina a farkon rabin ƙarni na 12, an sassaƙa jerin gwanon mayaƙa da masu busa ƙaho da masu ganguna. A Bayon, haikalin Jayavarman na Bakwai mai manyan fuskoki, ga makaɗan fada a zaune, ga masu rawa. Rubutun dutse na Ta Prohm, na shekarar 1186, ya lissafa mutum 12,640 masu yi wa wannan haikali guda hidima, cikinsu mata masu rawa 615. Dutse ya adana siffar kayan kiɗan, ya adana yadda ake riƙe su, har yawan ma'aikata ya adana. Sautin ne bai iya riƙewa ba.

Ɗauki kse diev. Sanda ce mai tsirkiya ɗaya tal da rabin duma a jikinta. Makaɗin yakan kifa duman a ƙirjinsa, yana matsawa yana sassautawa, ƙirjin nasa ya zama wani ɓangare na kayan kiɗan. Ana ganin irinta a sassaƙen Bayon, shekara ɗari takwas da suka wuce. Bayan Khmer Rouge, gwani guda aka sani da ya rage mai iya ta sosai, Sok Duch, daga lardin Takeo. Da zazzaɓi ya ɗauke shi a 1977, ko wani yaro mai bindiga ya ga bai yi masa ba, da yau kse diev hoto ce a bango. Ya rayu, aka kawo masa almajirai, yanzu akwai matasa masu kaɗa ta.

Wani kayan kiɗan bai yi wannan sa'a ba, tun ma kafin a haifi Pol Pot da ƙarnoni. Sunansa pin, mai lanƙwasasshen wuya da tsirkiyoyi da yawa, gangar jikinsa kamar kwalekwale. Yana nan a bangon Bayon da na Banteay Chhmar, amma ya ɓace daga hannun mutane bayan zamanin Angkor. Wani Bafaranshe masanin kiɗan al'ummu, Patrick Kersalé, ya yi shekaru yana bin haikalan yana ɗaukar hoton kowane makaɗi na dutse, yana ƙirga tsirkiya, yana gwada girman kayan da jikin mai riƙe da shi. Shi da wani masassaƙin kayan kiɗa, Keo Sonan Kavei, suka sake ƙera pin, tare da wasu ƙahoni da ganguna, aka kafa ƙungiya mai suna Sounds of Angkor a Siem Reap, garin da ke kusa da Angkor. To, an ƙera, me za a kaɗa? Babu wanda ya gaji ko waƙa ɗaya ta pin. Dole aka tsara sabo. Cikin waɗanda suka rubuta masa kiɗa akwai Him Sophy, wanda shi ma yana yaro ya yi aikin dole a gonakin Khmer Rouge kafin ya tafi Mosko ya yi karatun kiɗa, kuma shi ne daga baya, a 2017, ya haɗu da mai shirya fim Rithy Panh suka yi Bangsokol, kiɗan addu'a ga mamatan ƙasar. Sabon kiɗan pin ɗin nan shi ne wanda za a ce da gaske kufai ne ya haife shi: mai rai ya dubi dutse, ya yi hasashen abin da dutsen ke ji.

A kasuwar Siem Reap da kuma intanet ana sayar da wani irin kiɗan sarewa mai sanyi, da hoton fitowar rana a kan Angkor Wat a bangonsa, wai don natsuwa da samun barci. Ban ga laifin mai saye ba, kowa da abin da ke kwantar masa da hankali. Sai dai yawancinsa kufan da babu kowa a ciki yake nunawa, saiwar itace da hazo da shiru, alhali wuraren nan ba su taɓa rabuwa da mutane ba, kuma abin da mutanen suka gani ba mai sa barci ba ne. Mai son jin sautin da ya fi kusa da gaskiyar wurin, ya tsaya a hanyar shiga Ta Prohm ko Banteay Srei. Zai tarar da maza zaune a kan tabarma ko ɗan dandamali, da khim da goge irin nasu da ganga, wani na busa sarewa, wani ganyen itace kawai ya kafa a leɓe yana fitar da waƙa. Ƙafafun roba suna jingine a gefe. Mutane ne da nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi suka raunata, sun zaɓi kiɗa a kan bara, kuma waƙoƙin biki suke kaɗawa.

Duniya ta san labarin Arn ta fim ɗin The Flute Player na Jocelyn Glatzer, wanda ya fito a 2003, da littafin Never Fall Down da Patricia McCormick ta gina a kan rayuwarsa a 2012. Akwai abin da ya sa labarinsa ya fi na jarumin fim nauyi: bai taɓa cewa shi mai tsarki ne ba. Ya yi wa makasa kiɗa, ya ci ƙarin abinci lokacin da wasu ke mutuwa, ya riƙe bindiga. Ya koma ya nemi tsofaffin sojojin Khmer Rouge da ya zauna da su, ya zauna ya yi magana da su, don ya san tazarar da ke tsakaninsa da su ba ta da yawa. Da yawansu su ma yara ne aka ɗebo daga ƙauye.

Ƙungiyar da ya kafa ta girma ta wuce shi. A 2013 ta kai masu fasaha sama da ɗari birnin New York don wani biki na al'adun Kambodiya, kuma yanzu almajiran tsofaffin ne ke koyarwa. Shi kuwa a 2013 ɗin ya koma kan hanya. Shi da mawaƙiya Thorn Seyma suka samu mota suka sa mata suna Khmer Magic Music Bus, suna loda makaɗa da kayansu suna shiga ƙauyukan da aka haifi yara suka girma ba su taɓa ganin khim ko khloy da idonsu ba, har da yankunan da suka daɗe a hannun Khmer Rouge. In sun isa sai su yi wasa, sannan su tambaya ko akwai wani tsoho a garin da ya iya wani kiɗa. Sau da yawa akan samu.

Tsofaffin suna ta tafiya. Chek Mach ta rasu 'yan shekaru kaɗan bayan an gano ta. Kong Nay ya daɗe. Ya zaga ƙasashe, ya karɓi lambar yabo ta Fukuoka a Japan a 2017, ya rasu a watan Yuni 2024 yana da shekara 80, ɗansa Kong Boran yana riƙe da chapei. A 2016 hukumar UNESCO ta shigar da chapei cikin kundinta, amma ba a jerin alfahari ba. A jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa aka sa shi.